Akori-kurar da Ta Ƙi Tashi da Safe

Litinin

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu ma lafiyarmu ƙalau, in ka cire akori-kurar da ka taɓa. Takarda na rubuto maka saboda da alama wayarka ta haddace lambata. Sau tara na kira ka yau, ta yi ta ƙara har ta gaji.

Ka tuna abu ɗaya ya sa na kai maka motar nan ranar Asabar: ta ɗan ƙara shan mai. Ban ce ba ta tashi ba. Shekara goma sha ɗaya marigayi maigidana yana tuƙa ta, ni kuma uku tun bayan rasuwarsa, ko a tsakiyar sanyi ban taɓa murza makulli fiye da sau biyu ba. Ka kwance kafireta, ka wanke, ka mayar, ka bubbuga bonet kana cewa yanzu ta fi sabuwa. To ga sabuwar taka. Yau ƙarfe biyar da rabi na gama loda kiret sittin na ƙwai, na ja cok kamar kullum don injin yana da sanyi, na murza. Ta yi gurnani, ta yi tari biyu, ta mutu. Haka muka yi ta yi da ita har batir ya fara kasala.

Sai da maƙwabcina mai walda da mai shagon kan kwana suka tura ni har ƙarshen layi sannan ta kama. Takwas da rabi na isa otal, alhali ka san alkawarinmu ƙarfe bakwai ne. Babban kuku ya tsaya a ƙofar kicin ya wanke ni tas a gaban ma'aikatansa, wai baƙi sun karya ba ƙwai, kuma akwai masu kaji uku da suke zaryar neman wannan aikin. Ban ga laifinsa ba. Amma ka sani, otal ɗin nan shi ne cinmu, shi ne makarantar yaran nan.

Abin haushin, da rana taɓawa ɗaya take tashi, kamar ba ita ba. Wani abu ka yi mata. Ka zo gobe da sassafe ka gani da idonka, tun injin yana da sanyi.

Ka gaida mutanen gida.

Yayarka.

Talata

Auta,

Ina gaishe ka, da fatan ka tashi lafiya. Na san ka tashi lafiyar ma, tunda kai babu abin da yake hana ka barci.

Saƙonka ya iso ta bakin matarka. Baiwar Allah, sai sunkuyar da kai take yi tana faɗa. Wai ko batir ne, ko kuma ni ce ban iya tayar da mota ba, in riƙa taka totur sosai kafin in murza. Wai kuma motar ta tsufa, in fara tunanin rabuwa da ita. Sannu Injiniya. Ranar Asabar ta fi sabuwa, yau Talata ta tsufa.

Duk da haka ban raina maganarka ba. Mai walda ya ara mini batir ɗin motarsa, babu abin da ya canza. Na kwance fulogi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, na goge su, na mayar. Na cire 'yar matatar mai na hura, ba ta toshe ba. Sannan na taka totur yadda ka ce. Ta kama na daƙiƙa uku ta mutu, na ƙara takawa, sai ga warin fetur ya cika gidan, ta shaƙe gaba ɗaya. Da aka zo turi kuwa, ta fizga da ƙarfi, kiret biyu suka kife. Ina tuƙi ina kallon kwaiduwa tana bin bayan mota ta madubi.

Takwas da minti goma na isa. Babban kuku ya ce saura sau ɗaya. Na nemi motar haya ta gobe, duk wanda ya ji ƙwai ne kuma ya san ramukan hanyarmu sai ya ce yana da aiki.

Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Na zauna a cikin motar a bayan otal na yi kuka mai isata, abin da ban yi ba tun makon rasuwa. Ni na goya ka, Auta. Ni na kai ka garejin nan koyon aiki da hannuna kana noƙewa. Ban taɓa goranta maka ba, kuma yau ma ba gori nake yi ba, tuni ne. Abu ɗaya nake tambaya: me ka taɓa a cikin kafiretar nan? Ko ba za ka zo ba, ka faɗa mini.

Allah ya ba ka ikon amsawa.

Yayarka.

Alhamis

Auta,

Gaisuwa, da fatan iyalinka suna lafiya. Ka daure ka karanta wannan har ƙarshe.

Jiya Laraba tun biyar nake kan motar, har ruwan zafi na kwarara wa injin. Wajen bakwai saura, mai walda ya ce mu cire murfin matatar iska mu leƙa. Ya ce in ja cok yana kallo. Na ja, na mayar, na sake ja. Sai ya nuna mini da yatsa. Ɗan faifan ƙarfen da ya kamata ya rufe bakin kafireta ya rage iska har injin ya ɗumama, babu shi. Sandarsa ce kawai take juyawa tsirara, da ramukan kusoshi guda biyu. Kwana uku ke nan ina jan iska. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bakin, na murza, ta tashi nan take.

Bakwai da minti ashirin da biyar na isa otal. Babban kuku ya karɓi kaya bai yi faɗa ba, ni kuma da wautata na ɗauka ya yafe.

Daga can garejinka na wuce. Aka ce ka fita gwada mota, ko da yake na ga takalmanka a ƙofar ɗakin kaya. Mai gyaran wayar mota ne ya tausaya mini. Ya ce ai duk tsohuwar motar da aka kawo da kukan shan mai, faifan cok kake fara cirewa, wai ba shi da amfani sai cin fetur. Ya nuna mini wani gwangwanin fenti a kan kanta. Auta, cike yake da su. Na ƙirga arba'in da ɗaya. Ban da ni, mutum arba'in suna can suna turi da safe suna zagin batir.

Na ɗauko gwangwanin gaba ɗaya, kuma ban nemi izinin kowa ba. Ni da mai walda muka yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya, na goma sha bakwai ya zauna daram. Ya ɗaure shi, muka rufe.

Yau da safe murzawa ɗaya ta tashi, tana ta rurinta kamar zamanin marigayi. Bakwai saura ashirin ina bayan otal. Na tarar da wata farar mota a wurin da nake tsayawa, ana sauke ƙwai. Babban kuku ya fito ya ce tun jiya da rana suka gama magana da mai ita, ya yi mini fatan alheri. Na juyo da kiret sittin ɗina, ko ɗaya bai fashe ba. Suna nan jere a zaure, kajin kuma ba su san an kore mu ba, gobe ma za su yi wasu.

Ba cire faifan ne ya ƙona mini rai ba, kowa yana kuskure a sana'arsa. Ka san ka cire. Tun takardata ta Litinin ka san abin da yake damunta, amma ka gwammace ka aiko matarka ta ce ban iya tayar da mota ba, don kada ka ce wa yayarka ka yi kuskure. Kalma huɗu ce kawai: na cire faifan cok. Da ka faɗa, da yau ina da aikina.

Gwangwaninka yana wurina, zan ba duk wanda ya zo neman nasa. Matarka da yara ƙofata a buɗe take gare su kowane lokaci. Kai kuwa kada ka zo tukuna, kuma kada ka aiko kowa ba da haƙuri. In ka kira, wayar za ta yi ƙara, ina kusa da ita.

Allah ya tsare.

Yayarka.