Lemon Saman Sif

Zuwa ga Yayana, Yaya Abdulgaffar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga wanda ya tsaya mata a matsayin uba, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zulaihat da yara, da duk 'yan uwanmu masu neman halali a can Fatakwal. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ƙara rufin asiri, ya raba ka da ciwon bayan nan da kake ɓoye mana. Mu nan Safana sai godiyar Allah. Ruwa ya yi kyau bana. Mutanen ƙauyenmu Karare sun aiko cewa geron gonar bakin gari ya yi, ta cikin daji kuwa ka san halin da ake ciki, bana ma ba wanda ya taka ta. Inna Mero ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zuwa barka da ta'aziyya da kanta. Maigidana Baban Ramlat ya jingine babur tun da mai ya gagari talaka, yanzu da keke yake zuwa sakatariya, yana cewa wai motsa jiki yake yi. Ni kuma ina nan da 'yan ajina da ciwon sugana, muna zaman haƙuri da juna.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, a waya kai kake magana mu mu ce to, haka muka taso. Ranar da ka kira ka ce ɗanka Rilwanu ya ajiye maganar gudu, bayan girbi ya taho ya tsaya maka a rumfar albasa, ina tsaye kusa da shi. Na ji ya amsa maka ba musu. Da ka tambaye ni ko ina da abin cewa, na ce babu. Ƙarya na yi maka, Yaya. Akwai magana, kunya ce ta riƙe mini harshe, kuma tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Uwaisu direba ya kawo maka hannu da hannu.

Na san abin da ke ranka. Ciwon zuciya ne ya ɗauke mahaifiyarsa, Allah ya jiƙan ta, ka kawo mini shi yana ɗan tatsitsi ka ce ga amana. Da ka ji an ce ya faɗi a wajen tsere an kwashe shi zuwa asibiti, dole ka ce gado ne ya biyo shi. Ba na ganin laifinka. Amma an kai shi Katsina an auna zuciyar, likita ya ce lafiyarta ƙalau, kai kuma ka ce likitoci sun faɗi haka a kan uwarsa. To bari in gaya maka abin da ya kayar da ɗanka, don da idona na gani, kuma da hannuna aka yi.

Ka tuna katan ɗin baƙin lemon nan marar suga da ka aiko mini da ƙaramar salla? Ka ce irin na masu ciwona ne, in riƙa sha kada in yi ta haɗiyar yawu idan ana sha a gidan biki. Wallahi na ji daɗin kyautar nan fiye da atamfa. Na ɗora shi a saman sif, inda yara ba sa kaiwa, ina lallaɓa shi. Sai baƙon da ya isa baƙo nake sauko wa da ɗaya. A raina na ɗauka abin da aka yi don marar lafiya, aka kuma ɗauko shi tun daga Fatakwal, ai ya fi kowane abin sha amfani a jiki. Ka ji malamar makaranta, mai koya wa 'ya'yan mutane rabe-raben abinci a kan allo.

Kai ba ka taɓa ganin Rilwanu yana gudu ba, sai labari. Tun da kuɗin babur ya fi ƙarfinmu ya fara zuwa makaranta da gudu ya dawo da gudu, ranar hutu kuma ya kama hanyar Batsari sai ya gaji ya juyo. Mutane na yi masa dariya suna tambayar wa ya biyo shi. Malam Zainulabideen, malamin wasanni na makarantarsu, shi ya gane abin da Allah ya ba yaron, ya riƙa horar da shi. Da aka shirya tseren dogon zango a nan Safana, aka ce wasu mutane za su zo daga Jos su ɗebi waɗanda suka yi fice, a kai su sansanin horo, ga abinci ga karatu. Wata da watanni yaron nan ba shi da zance sai wannan.

Tseren ya faɗo a ƙarshen wata, watan kuma ya yi mana tsawo. Geron da ya rage a buhu ba wani abin kirki ba ne. Da safen na dama kunu tsululu, na zuba wa kowa. Sai na ce yau ranar ɗana ce, ba zai fita ba guzuri ba. Ka san al'adar gidanmu, mai tafiya shi ake ba abin da ya fi daraja a ɗaki. Na taka kujera na sauko da lemo biyu. Na kuma ɗauko farin goro babba, don na tuna Baba, Allah ya jiƙan sa, idan zai taka daga Karare zuwa kasuwar Jibiya, goro yake jefawa a baki ya ce shi ne abincin matafiyi. Na buɗe lemon na miƙa wa Rilwanu, na tsaya a kansa ina jero masa addu'a. Ya dube ni, ya dubi lemon, ya yi bismilla ya shanye. Ya tauna goron yana yamutsa fuska, shi da bai taɓa cin goro ba. Sannan ya turo kofin kununsa ya ce iskar lemon ta cika masa ciki, a ba su Ramlat.

Nan ne inda nake so ka tsaya, Yaya. Na ga kofin nan cike. Na san yaron da zai yi gudun da mota ma sai ta sha mai bai sa komai a cikinsa ba, kuma na san tuwon jiya ma rabi ya ci. Amma yara na kallon kofin, sai na yarda da maganarsa. Na yarda ne don yardar ta fi mini sauƙi. Da hannuna na raba musu kunun, har ina ce wa kaina ai ya sha abin da ya fi kunu.

Ban tsaya nan ba. Na naɗe ɗaya lemon a jiƙaƙƙen tsumma, na tafi bakin titi inda masu gudun za su juyo, na tsaya. Ashe gaba kaɗan Malam Zainulabideen na tsaye da gorar ruwan da ya jiƙa wa yaransa da mazarƙwaila da ɗan gishiri. Da na hango Rilwanu cikin na gaba-gaba, ban san lokacin da na ƙwala masa kira ba, ina ɗaga roba sama kamar mai talla. A gaban jama'a gwaggonsa ta kira sunansa, ya zai yi? Ya ratso ya karɓa, ya kurɓa yana gudu, ya wuce malamin nasa bai karɓi ruwan mazarƙwailar ba. Na koma wajen mata ina baza hanci, ina cewa ɗana ne.

Ana hango inda za a tsaya ƙafafunsa suka ƙi. Waɗanda ke wurin sun ce ya fara tangaɗi, ya durƙusa, ya yunƙura ya sake faɗuwa, waɗanda ya bari a baya suka zo suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Da na iso an sa shi a bayan a-kori-kura. Jikinsa sanyi ƙalau, zufa na karyo masa, na ɗora hannu a ƙirjinsa na ji zuciyar na bugawa kamar za ta fito. A ranar na ga fuskar uwarsa a tasa, na ce shi ke nan na kashe amana. A asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi shayi mai suga da yawa. Da ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya zo na ɗaya.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina, sannan na sa hijabi na tafi gidan Malam Zainulabideen. Na tambaye shi tsakaninsa da Allah ko lemon nan guba ne ga masu gudu, ko goron ne. Ya ce ba ɗaya daga ciki da yake guba. Ya ce lemon ga mai ciwona ya fi mai suga, amma ga mai gudun dogon zango fanko ne, zaƙi ne a baki ba komai a ciki, alhali jikin da ke gudu sugan yake ƙonawa, abin da ni aka hana ni shi ne shi yake nema. Abin da ke cikin goro da baƙin lemo mai hana barci kuwa, ya ce manyan 'yan tsere ma suna amfani da shi kaɗan, idan sun saba kuma sun ci sun ƙoshi. Amma a cikin da ba komai, ga wanda bai saba ba, sai ya sa zuciya gaggawa, ya kuma rufe wa jiki baki kada ya yi ƙarar yunwa da gajiya, har sai ya zube. Ya ce kamar a yi ta tsula wa jaki bulala ne ba a ba shi dusa ba, zai yi sauri, amma ba zai kai gida ba.

Sai na ce kaito, rashin sani ya fi dare duhu, da yaron ya sani da bai sha ba. Malamin ya ce duk cikin yaransa ba wanda ya kai Rilwanu sanin wannan, don shi yake sa wa ya maimaita wa sabbi. Yaya, ashe ya sani. Ya san lemon ba zai kai shi ko'ina ba, ya sha don kada ya mayar mini da hannun kyauta baya. Ya san kunun nan shi ne ƙarfinsa, ya bar wa ƙannensa, ya fake da lemona don kada in ji kunyar tukunyata. Kuma da ka tambaye shi a waya abin da ya faru, ce maka ya yi ƙarfinsa ne bai kai ba. Har yau bai ambaci sunana ba, ko a gabanka ko a gaban malaminsa. Da na tare shi da maganar ina kuka, murmushi ya yi ya ce in bar shi, lemon ya yi daɗi.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni kam nawa na hango, kuma ba zan bari a ɗora shi a kan zuciyar yaro ko a kan kabarin uwarsa ba. Mutanen Jos sun ga irin gudun da ya yi kafin ya faɗi. Sun gaya wa malaminsa cewa bayan girbi za a sake gwaji a Katsina, suna so su sake ganin sa, amma sai da yardar mahaifi. Ban ce albasa ba sana'a ba ce, da ita ka riƙe mu duka. Amma rumfa tana nan ba inda za ta, ƙafar saurayi kuwa lokaci gare ta. Idan tsoron yunwa kake, geron Karare na isowa zan ware nasa daban, ba mai taɓawa, ko da ni zan kwana da ruwa. Kuma kada ka sake aiko mini da lemo, ruwan randa ya ishe ni. Ranar gwajin ma na yi alkawari ba zan je bakin titi ba, ina gida a kan sallaya.

Ka gaishe mini da Zulaihat da kyau, ka ce mata na ga saƙon sabulu na gode. Ka shafa mini kan Naja'atu da Abubakar Siddiƙ, Allah ya raya su. Inna Mero na gaishe ka, Baban Ramlat ma haka, Saude maƙwabciyata ta ce in tuna maka maganin ƙafar da ka yi mata alkawari. Rilwanu bai san na rubuto ba.

Washegarin ranar da ka ce ya ajiye gudu, ya wanke kambas ɗinsa na tsere tas, ya shanya, ya kawo mini ya ce in ajiye masa a inda nake ajiye abu mai daraja. Suna nan a saman sif, inda lemon yake a da. Kullum bayan sallar asuba, lokacin da ya saba fita, sai in ji ya buɗe ƙofar gida ya zauna a dakali ba takalmi, yana kallon hanya har rana ta fito. Ni na ɗora su, Yaya, amma ba ni da ikon sauko da su. Kai nake jira.

Wassalam.

Taka ƙanwa mai neman afuwarka,
Hansatu