Babin da Nake Tsoron Karanta wa Baba

Anti, don Allah ki taimake ni. Ki yi haƙuri da rubutuna, bara na gama firamare, ban ci gaba ba, ina gida ina taya Mama aiki.

Babana kafinta ne, amma yanar ido ta hana shi aiki, ta hana shi karatu. Ni ce nake karanta masa. Matar fastonmu tana da kabad ɗin littattafai a coci, ita take zaɓa wa kowa abin da ya dace da shi. Ta ba mu na addu'ar safe, ta ba mu na zaman iyali, duk muka gama lafiya. Sai ta ba mu wani ƙarami mai koren bango, a kan 'yancin addini.

Baba ya ji daɗinsa ƙwarai. An taɓa korarsa daga wani kamfanin katako don ya ƙi yin aiki ran Lahadi. Shi ya sa in na zo labarin waɗanda aka matsa wa saboda bangaskiyarsu, sai ya riƙa buga sandarsa a ƙasa yana cewa in maimaita.

Ni karatuna ba ya sauri. Kafin in zauna gabansa nakan shiga kicin in bi babin da yatsa ni kaɗai, in saba da manyan kalmomin, don kada in yi ta in'ina ƙannena su yi mini dariya. Jiya ina cikin haka na ci karo da wani babi, sai da na rufe littafin. Babin ya ce duk mai son a bar shi ya bauta wa Allah yadda zuciyarsa ta yarda, dole shi ma ya bar wasu, ko da ɗan cikinsa ne. Wai uba zai iya koyarwa, ya lallasa, amma bai kamata ya hana ɗansa gida don ya tilasta masa ba.

Anti, wannan fa gidanmu ne. Yayana makanike ne, ya koma wata coci da suke sujada ran Asabar. Baba ya ce kada ya ƙara taka masa ƙofa, har ya sa aka ɗauke kujerarsa daga wurin cin abinci, kujerar da shi Baba ya ƙera masa da hannunsa. A ɓoye Mama take ba ni abinci a kula in kai masa gareji. Ni ma da na ɗauka Baba ne da gaskiya. Ban taɓa zaton littafin coci zai tsaya wa Yaya ba.

In na karanta, ina tsoron ya ce ni na ƙirƙira, ko Yaya ne ya zuga ni, ya daina kirana idonsa. In na haɗa shafukan na juya na tsallake babin, ba zai gani ba. Yau dai na ce masa maƙogwarona yana ciwo, har ya sa Mama ta dafa mini ruwan zafi. Gobe me zan ce?

Mai karanta wa Baba

AMSA

'Yata, rubutunki ba shi da laifi, kuma kin yi daidai da kika tsaya kika yi tambaya.

Kada ki tsallake babin. Babanki ya danƙa miki idonsa ne don ya yarda da ke. Ranar da ya gane kin taɓa zaɓa masa abin da zai ji, zai yi ta shakkar duk shafin da kika taɓa karanta masa. Ciwon maƙogwaron nan ma ya warke yau.

Amma kada ki ɗauke shi mugu. Mutumin da ya rasa aikinsa saboda Lahadi, ɗansa ya bar Lahadin, gani yake wahalarsa ta tafi a banza. Tsoro ne da zafin rai. Yayanki kuma ba yaro ba ne, shi zai amsa wa Allah a kan bangaskiyarsa.

Ki fara nuna wa Mama babin. Ki zaɓi lokacin da babu baƙo, ƙannenki kuma suna waje, don kada ya ji kunya a gaban kowa. Ki gaya masa babin yau yana da nauyi, ki tambaye shi ko ki ci gaba. In ya amince, ki karanta da muryarki ta kullum, kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki ambaci yayanki. In ya yi musu, ki ce a kira matar fasto ta karanta masa. Ina zaton ta san abin da ke ciki lokacin da ta miƙo muku shi.

Wataƙila ya yi faɗa, wataƙila ya daina neman karatu na kwanaki. Ki bar shi. Shirya shi da yayanki ba aikinki ba ne, naki karatu ne. Kujerar nan dai, ki riƙa goge ta.

Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ki ƙarfin hali.