Ranar da Aka Kori Baba Daga Tafkin Rami

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Baba ne dai sai a hankali.

Yaya, rahoton da ka rubuta wa hukuma kan tafkin ramin nan na bayan gonarmu ya iso, har an kafa shi a allon sanarwa. Na ga inda ka ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya yi ta cin farin dutse har rufin kogo ya rufta, kuma tunda ba kogin da ke fita daga ciki, duk abin da ya faɗa ya zauna ke nan. Wannan ai a bakin Baba ka fara jin sa. Abin da ya ƙona min rai shi ne layin da ka ce hannun ɗan Adam bai taɓa kaiwa ga ruwan ba. To hannun Baba na mene ne? Shekara arba'in yana sauka gangaren nan yana kwashe ruɓaɓɓen ganye, kafin kowace damina kuma ya jera duwatsu a bakin kwazazzabo don kada ambaliya ta kwaso kashin shanu ta zuba ciki.

Saboda layin nan hukuma ta zagaye wurin da waya, ta ajiye mai gadi. Ran da Baba ya je da kwandonsa, mai gadin ya ce masa irinsu ne ke ɓata wuri. Baba ya juyo gida. Ruwan sama na farko ya ture duwatsun bara, ambaliya ta zuba ƙazanta ciki. Tafkin da ake hango tsakuwar ƙasansa yanzu kore ne shar, ƙananan fararen kifin nan suna tasowa matattu. Kullum Baba na tsaye jikin waya yana kallo, abinci ma sai an yi da gaske.

Haushinka nake ji, ba zan ɓoye ba. Kai suke jin maganarka. Ka rubuto musu cewa ka yi kuskure, su buɗe masa ƙofa tun damina ba ta yi nisa ba.

Inna da Kawu suna gaishe ka, a gaida matarka da yara. Baba ya hana ni faɗa maka duk wannan, wai kada in ɓata maka aiki. Saƙonsa ɗaya ne, in ka zo kada ka sha ruwan.

Ƙanwarka,
Auta