Sati Ukun da Aka Ɓoye wa Froilán

Port Kembla, 23 ga Agusta, 1999

Zuwa ga yayata Eduviges,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanenki, tare da roƙon Ubangiji ya sassauta miki abin da kike ji a jikinki, ya ba masu jinyarki haƙuri da sanyin hannu. Ina fatan mutanen gida na Chillán suna lafiya, manya da yara. Mu nan muna nan. Ƙafafun matata Clorinda sun kumbura da sanyin bana, amma har yanzu da hannunta take murza ƙullun burodi, wai na kanti auduga ce aka gasa. Yaranmu biyu suna Sydney, jikoki huɗu babu mai jin yarenmu, in na yi musu magana sai su yi min murmushin da ake yi wa kurma. Ni kuwa shekara huɗu ke nan da barin aiki, tari ne abokin hirata.

Ranar 2 ga Nuwamba, 1989, kin rubuto min wasiƙa mai layi tara. Kin ce duk karatuna bai tsinana wa kowa komai ba, tunda na zuba ido autanmu Froilán ya mutu a ƙasar mutane, aka binne shi tsakanin baƙi. Ban amsa miki ba. Shekara goma ina rubuta amsar a zuciyata ina gogewa, ke ma ba ki sake waiwayata ba. Sai ranar Juma'ar nan ga wasiƙarki, bayan kwana goma sha shida a hanya, rubutunki ya karkace kamar na wanda ya rubuta a cikin mota. A ciki kin saka kwafin takardar da wani likitan Amurka ya aiko wa ɗanki Osvaldo bayan ya tura masa hotunan cikinki. Kin ce a aljihun kwat ɗinsa kika same ta, da kika tambaye shi kuma ya ce ba komai, wai likitan ya ce ciwon ya tsaya cak, estancado. Kin ja layi da jan biro ƙarƙashin kalma ɗaya ta Turanci a takardar likitan, kin ce in gaya miki ma'anarta tsakanina da Allah, tunda ni ne mai ilimin gidan. Ashe yanzu na koma mai ilimi. Na yi dariya har tari ya turnuƙe ni, Clorinda ta leƙo daga kicin tana tambaya wa ya mutu, don wai ba ta san ni da yin dariya a kan wani abu daban ba.

Zan gaya miki, Yaya. Amma sai kin fara jin abin da na riƙe.

Kin san shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da yarenmu da Latin kafin mu taso. A nan aka dubi takarduna aka miƙo min shebur, na yi shekara goma sha tara ina kwasar kashin maƙera a bakin wutar kamfanin ƙarfe. Froilán, da yake shi mai walda ne, ya raɗa min Farfesan Shebur, har 'yan Girka da 'yan Italiya na wurin suka kama sunan. Abin da ya rage min na malanta shi ne tafinta. Duk ɗan ƙasarmu da za shi asibiti sai ya biyo ta gidana in raka shi. Na buɗe littafi, gefe ɗaya kalmarmu, gefe ɗaya ta Turanci, kuma babu shafin da ya kai na mutuwa cika a namu gefen. Muna da fallecer ta masu mutunci, wadda ake sawa a jarida. Muna da morir ta kowa da kowa, har da jaki. Muna da apagarse ta wanda ya tafi a hankali kamar fitilar da mai ya ƙare mata, sannan ga desahuciado, wanda likita ya cire rai da shi. Turawa ma suna da nasu na rufa-rufa, amma a maƙabarta suke fito da su, bayan an gama komai. A ɗakin likita guda ɗaya suke fitarwa tsirara, dying, kuma mai ciwon suke faɗa wa, ido cikin ido. Mu mun ɗauki wannan rashin tarbiyya ne. A wurinmu dangi ake faɗa wa a bakin ƙofa, su goge ido su shiga wa majinyaci da fara'a.

Cikin watan Yuli na waccan shekarar, da aka ga inuwa a huhun Froilán, na kira ki a waya tun kafin sakamako ya fito. Ke kika sa na rantse da kabarin mahaifiyarmu cewa in abin ya zo da muni ba zan faɗa masa ba. Kin ce da sa rai mutum yake rayuwa, haka aka yi wa Baba, ya tafi yana zancen shukar baɗi. Kin ce kada in shigo miki da halin Turawa cikin dangi. Na rantse. Wannan ba ya cikin layi taran da kika rubuto min.

Likitar mace ce, ba ta kai shekarun 'yata ba. Ba ni ta kalla ba, shi ta kalla. Ta ce masa mutuwa yake yi, saura wata uku ko huɗu. Ta ce in yana da wanda yake son gani a ƙasarsu, to ya hau jirgi cikin sati uku, don bayan nan huhunsa ba zai ɗauki tafiyar ba. Kin san Turancin Froilán bai wuce na zagi da na neman ƙarfe ba. Ya juyo ya ce min Farfesa me yarinyar nan take faɗa ne, ta ɓata rai kamar wakenta ya ƙone. Ina da kalmomi goma sha huɗu a shafin nan, na san wadda ta dace, na tsallake ta da sanina na ɗauko wata daga wani shafi. Na ce masa estancado, ciwon ya kwanta kamar ruwan kududdufi, ba ya gaba ba ya baya. Likitar ta lura doguwar maganarta ta koma 'yar guntuwa a bakina, ta tambaye ni ko duka na faɗa masa, ko a kira tafintan asibiti. Na ce mata yarenmu ne ba ya son dogon zance. Froilán ya miƙe ya riƙe hannunta da hannu biyu, ya ce in gaya mata in da ya rage shekara ashirin da sai ta sha wuyar korarsa.

Tun a mota ya yanke shawara. Tunda ciwo ya tsaya, ya ce, zai bari sai Disamba, ya murmure tukuna. Ba zai yarda 'yarsa Griselda, da ya bari a hannunki tana 'yar shekara tara, ta gan shi bayan shekara goma sha uku kamar sandar mopa ba. Ya dinga cusa wa kansa abinci, wake da masara, ɗanyen ƙwai cikin ruwan inabi, ya ci ya amayar ya sake zama. Ya sayi kwat mai ruwan toka na zuwa gida. Sau biyu muna kai wa tela ya rage shi, a na biyun telan ya ce in muka dawo na uku sai dai ya ɗinka wa wani yaro. Froilán ya ce masa ya ajiye ƙyallen da ya yanke, zai dawo a mayar. Ni kuma ina ƙirga sati ukun nan a kalandar kicin. A sati na biyu na sake kiran ki, na roƙe ki ki sake ni daga rantsuwar, kika ce in na faɗa masa to ni na kashe shi. Da zan iya da na ɗora miki laifin duka, na gwada shekara da shekaru. Amma baki nawa ne. Ranar da sati ukun ya cika ina tsaye a bayan gidansa, yana durƙushe yana dasa tumatir, yana ce min in riƙa ba su ruwa in ya tafi, kada in tsaya karanta musu Latin.

Bai gane ba sai a Oktoba, da Fada, limamin cocinmu, ya shigo ɗakin da kwalbar man da ake shafa wa mai shirin mutuwa a hannu. Ya dubi Fada, ya dube ni, ya tambaye ni wai Farfesa wannan ma estancado ne. Daga nan bai sake yi min magana ba. Da Clorinda yake magana in yana son ruwa. Bayan kwana biyu ya cika. A cikin kwat ɗin muka binne shi, duk da ya yi masa yawa.

Tun ranar na rufe littafin, ban sake raka kowa asibiti ba. Kalmar da na ara masa ni ta kama. Shekara goma, in ba wurin aiki ba, ina kujera ɗaya, taga ɗaya, ina kallon hayaƙin kamfani, ban koma gida ba kuma ban zama ɗan nan ba. Wannan nawa ne, ba kuka nake kawo miki ba. Abin da ba nawa ba shi ne na Griselda. Ta taɓa rubuto min sau ɗaya. Ta ce kowa ya san likitocin nan ba sa ɓoye wa mutum, to in ubanta ya san zai mutu, me ya hana shi zuwa, me ya hana shi ko yi mata sallama, tunda wasiƙarsa ta ƙarshe zancen tumatir ne da Disamba. Ban amsa mata ba, don amsar da sunanki a ciki. Ke kuma da take zaune kusa da ke kin bar ta da tunanin ubanta bai damu ba.

To ga amsarki, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kalmar da kika ja wa layi ita ce wadda likitar nan ta faɗa wa Froilán na ɓoye masa, dying. Mutuwa kike yi, Yaya. Ciwon bai tsaya ba, ya kai hanta. Likitan ya ce wata uku ko huɗu, kuma takardarsa ta 9 ga Yuli ce, kafin wannan ta iso hannunki rabi ya tafi. Ya ce wani aikin ko wani ƙarin magani wahala ce kawai, a bar ki a gida, a ba ki abin da zai kashe zafi, kada a yi miki rowarsa. Ina jin kin san haka tun kafin ki manna kan sarki a ambulan, so kike wani ya faɗa da baki. Sau uku na kira waya, Osvaldo ne ke ɗauka ya ce kina barci. A na ukun ya yi kuka, ya ce Kawu don Allah ka rufa mana asiri, da sa rai take rayuwa. Kada ki ga laifinsa, a gida ya koya. Shi ya sa na aiko ta shagon ƙawarki Herminia kamar yadda kika ce.

Clorinda ta karanta abin da na rubuta, ta ce ba ni da imani, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Wataƙila gaskiyarta ce. Ba zan ce miki na yafe ba, don na daina gyara wa mutane magana. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ke kika goya ni, ke kika sayar da keken ɗinkinki na shiga kwaleji, ban manta ba. Da zan iya zuwa da na zo na zauna a bakin gadonki mu yi faɗanmu mu gama, sai dai ƙirjina ba zai ɗauki jirgi ba. Wannan kuwa likitana ne ya gaya min da bakinsa, babu tafinta a tsakani.

Abu ɗaya nake roƙo. Ba haƙuri nake so ki ba ni ba. Ki kira Griselda tun kina da numfashin magana, ki zaunar da ita ki faɗa mata. In ba ki yi ba ni zan yi bayanki, amma ba na son in yi magana a kan wadda ba za ta iya ba da amsa ba.

Ki gaida Osvaldo da matarsa Leontina, ki ce masa ban ƙi shi ba. Ki gaida Herminia, na gode mata da ɗawainiya. Ki gaida Griselda da yaranta. Clorinda ma tana gaishe ki, duk da fushin da take yi da ni, ta ce ta kunna miki kyandir a coci ranar Lahadi. Ubangiji ya sa ki cika da sauƙi, a ɗakinki, cikin naki.

Abin da za ki gaya wa yarinyar ba shi da tsawo. Ubanta yana da sati uku da zai iya hawa jirgi ya zo ya gan ta, ba a gaya masa ba, suka wuce.

Ƙanenki,
Baldomero