Tambaya ta Uku

Alhamis, 6 ga Maris

Mutanen kamfanin sun aiko mota kamar yadda suka yi wa fastonmu alkawari. Saukowa daga bene ta ba ni wuya, gwiwar hagu ba ta son matakala. Rabona da kwat tun jana'izar matata Naliaka.

Ofishin yana unguwar Kilimani, yara ne zalla. Manhajar waya suke haɗawa ta sayen kuɗin kirifto, wannan da ba a taɓa shi da hannu. Hukumar da ke sa ido kan zuba jari ta ce ba lasisi sai sun nuna cewa har tsofaffi sun gane shafin gargaɗinsu. Mutum ya karanta, ya amsa tambayoyi uku, kafin ya saka ko shilin ɗaya. Mu shida aka tara.

Moraa sunan yarinyar da ta tsara shafin. Ta ce, "Baba Khaemba, ba kai muke gwadawa ba, shafin muke gwadawa. In ka ɓata, laifina ne." Na ce a makarantar mishan wanda ya ɓata shi ke shan bulala. Ta yi dariya har ta zubar da shayi.

Tambaya ta uku ita ce: in darajar kuɗin ta faɗi, wa zai mayar maka? Kamfani, gwamnati, ko babu kowa. Na san amsar. Amma hannun nan mai rawa ya zame ya taɓa gwamnati.

Asabar, 8 ga Maris

Ruwa wuni guda. Na dafa tuwon masara ya yi mini yawa. Har yanzu awon mutum biyu hannuna ya sani.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau mu biyu kacal. Na tambayi ina sauran. Moraa ta ce sun ci tambayoyin, an ba su riga mai tambarin kamfani, an gode musu. Shi ke nan ba a sake kiransu.

Na juya maganar a raina. Ga shayi mai madara, ga mandazi, fanken nan mai zaƙi, ga hayaniyar yara suna musu a kan ƙwallo. Wani ya tambaye ni yadda muke aika saƙo da wayar tangaraho a tashar jirgin ƙasa a zamanin da, na buga masa sunansa a tebur da cokali, duka suka taru a kaina.

Da aka zo ta uku na danna kamfani. Hannuna bai yi rawa ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Wa na cuta? Shafinsu zai ƙara kyau, ai abin da suke so ke nan.

Alhamis, 20 ga Maris

Moraa ta ƙara wa haruffa girma, ta sa Swahili a ƙarƙashin Turanci. Ni kaɗai na rage. Na ce mata, "Amaryata, kin yi ƙoƙari, amma kan tsoho dutse ne." Ta ce, "Angon da ba ya cin jarrabawa ni ba na so, Kaka." Kaka ta koma kirana yanzu.

Gwamnati na danna.

Lahadi, 23 ga Maris

Ban je coci ba. Na zauna, na tashi, na goge rediyon da na goge jiya. Wafula ya turo saƙo daga Doha, layi biyu, wai aiki ya yi yawa, zai kira. Ɗana bai iya ƙarya ba, aikin ne da gaske.

Na fitar da kwat na rataye, alhali Alhamis da saura.

Alhamis, 27 ga Maris

Yanzu shafin yana magana. Moraa ce ta ɗauki muryarta, tana karanta gargaɗin a hankali kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Idanunta sun faɗa. Ta ce ta sake shafin sau ba adadi a makon nan.

Ina cin mandazi na ji mai kamfanin, Gitonga, yana yi wa Moraa faɗa ta bayan gilashi. Ba ya rage murya, ya ɗauka ni kurma ne. "Mutane suna gudu tun a shafin nan naki! A cire tambayoyin, a sa ɗan akwati mutum ya danna ya yarda, mu rubuta wa hukuma cewa gwaji ya nuna tambayoyi na rikita tsofaffi. Ga shaida can yana cin mandazinmu." Ta ce akwati kowa dannawa yake bai karanta ba. Ya ce, "To ki sa tsohon naki ya gane, Malama mai tausayi. In jami'ar hukuma ta zo ranar goma ga wata mai zuwa ya faɗi a gabanta, da ke da shafin duk kun tafi."

Bayan haka aka ba ni waya. Na danna kamfani. Ban san dalili ba. Na sani.

Asabar, 29 ga Maris

Kwance ba daɗi, zaune ba daɗi. Na tuna Okoth, abokin aikina a tasha, da ya zuba kuɗin sallamarsa a wata ƙungiya mai alkawarin ninkawa. Ya sa hannu a takarda bai karanta ba. A ɗakin ƙanensa ya ƙare.

Akwati. Da sunana a matsayin shaida.

Amma in na ci, sai riga da godiya.

Talata, 1 ga Afrilu

Na yi niyyar kiran Moraa. Na ɗauki waya na ajiye. Na wanke kofi ɗaya sau biyu.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Yau ba shayi. Moraa ta kai ni ƙaramin ɗaki ta rufe ƙofa, ta juyo mini kwamfuta. Ashe kyamarar da ke saman tebur hannu take ɗauka, ba fuska ba. Ta rage gudun bidiyon. Ga yatsana, ƙato a allo, duk tamoji. Ya tafi kai tsaye kan "babu kowa", ya tsaya a sama, sannan ya kauce. Ta nuna na makon jiya. Ta nuna na wancan makon. Duk haka.

"Kaka, yatsanka ya fi ka gaskiya."

Na ce rawar hannu ce. Ta ce rawar hannu ba ta tsayawa ta yi tunani.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce uwarta tana sayar da ayaba a Kisii, kuma saboda irinta take faɗa a kan shafin nan. Ta ce, "Ka san kwana nawa na yi ina zaton ban iya aikina ba?" Sannan ta tambaye ni me ya sa.

Na ce mandazinku da daɗi.

Ta rufe kwamfutar. Ta ce, "Mota za ta zo ranar goma. Ba zan nuna wa Gitonga wannan ba. Abin da ka ga dama ka danna." Ba ta rako ni bakin mota ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ƙaramar yarinya ta kunyata ni da hoton yatsana. Ni da na riƙe tasha guda.

Da ta nuna wa Gitonga ta huta. Me ya sa ba ta nuna ba?

Laraba, 9 ga Afrilu

Na goge takalmi. Abinci ya ƙi shiga.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Jami'ar hukumar mace ce mai furfura da tabarau, ba ta murmushi. Ta ce in karanta da ƙarfi, na karanta. Ta ɗaya, ta biyu. A ta uku hannun ya kama rawa da gaske, har na ji tsoron kada ya zame kamar ranar farko, wannan karon ba wanda zai yarda. Na riƙe shi da ɗayan hannun na danna.

Ta ce in faɗa mata da bakina abin da na gane. Na ce in kuɗin ya nutse, ni da Allahna. Ta rubuta.

Gitonga ya girgiza mini hannu kamar zai cire shi, wai dama shi ya san tambayoyin nan su ne ƙashin bayan manhajar. Yaran suka kalli ƙasa suna danne dariya.

Moraa ce ta miƙo mini rigar. Ta ce, "Ka ci, Kaka." Na ce to an ɗaura auren ke nan? Ta ce, "Sai na yi shawara." Murmushin bai kai na da ba, amma ta rako ni har mota, ta riƙe mini sanda ina shiga.

Rigar ta yi mini yawa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Shiru.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na tashi na yi aski na sa kwat kafin na tuna. Na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Cirewa ma aiki ne, sai na ce bari in sauka in sha iska tunda na riga na shirya.

A ƙasan bene akwai mai gyaran takalmi, Mutiso sunansa, shekaru yana nan ashe. Ya ce ya ɗauka na koma ƙauye tun rasuwar Mama. Ya ture mini benci. Da ya ji inda mota take kai ni, ya ce kirifton nan caca ce da aka sa wa taye. Na ce ba haka ba ne gaba ɗaya, ya ce, "Haba Baba, sun saye ka da mandazi." Muka yi ta yi har mai gasa masara ya sa baki, shi kuma bai san komai ba.

Hawowa ta fi saukowa wuya. Ba zan mayar da shi al'ada ba, gwiwa ba za ta yarda ba. Sai dai mutumin nan ya tafi da kuskure a kansa game da lasisi, kuma ya ce da hantsi yake buɗewa.