Jinin Dodon Koɗi Ya Haɗu, Rabi

Aminiyata Rabi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma wa zan fara faɗa wa in ba ke ba?

Aikinmu ya yi. Kin tuna yadda muke ɗauko dodon koɗin teku a tasha cikin kula, ƙanƙarar ta kusa narkewa, direbobin Bodinga suna tsokanarmu wai miyar 'yan boko za mu yi? Kin tuna shuɗin jinin nan, wanda jan ƙarfe ke riƙe masa iskar numfashi? Duk lokacin da muka tace furotin ɗinsa sai ya wargaje, ya ƙi komawa siffarsa. Kafin ciwon ya kwantar da ke, kin ce kina zargin ruwan da muke zuba shi ciki ne ba shi da isasshen sinadarin kalsiyam.

Bayan rasuwarki na daɗe ban iya shiga ɗakin gwajin ba. Malamin da ke duba aikinmu ya ba ni shawarar in sauya batu, in ɗauki wani abu na kusa da gida, tunda mutum ɗaya ba zai iya ba. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na roƙe shi ya bar ni in gwada shawararki tukuna.

Na ƙara kalsiyam ɗin da magniziyam, na aika samfurin wajen masu babbar na'urar hangen ƙananan abubuwa. Da hotunan suka iso wayata, ina cikin keke napep ne kusa da Sifawa. Rabi, guntayen furotin ɗin sun haɗu goma-goma, sun yi zobe mai rami a tsakiya, kamar zoben siminti na rijiya. Zobba biyu kuma sun haɗa baki sun zama ɗaya, wasu har sun jeru sun yi tsawo. Kuka na yi, har mai keken ya tsaya yana ba ni haƙuri.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ni ba son dodon koɗi ya kawo ni aikin nan ba. Zama kusa da ke nake so, tun muna aji ɗaya. Yanzu ga shi na kamu da son aikin, ke kuma ba ki nan.

Na je gidanku a Shagari ranar Jumma'a. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwa. Geron bana ya yi kyau. Ɗiyarki Hafsatu ta shiga firamare, da hagu take rubutu kamarki. Na nuna wa Inna hotunan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko abin da ya hana ki zuwa gida da Sallah ke nan. Na ce shi ne. Ta ce to kada in kuskura in bar shi a rabi.

Ba zan bari ba. Saura in gano abin da ke sa wasu zobban su tsaya a biyu, wasu su ci gaba da jeruwa. Na gaya wa Malam sunanki ne zai zo farko a takardar binciken da za mu wallafa, kuma ya amince.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki. Gobe wata kular za ta iso tasha, ni zan je in ɗauko.

Taki har kullum,
Asma'u, daga Bodinga