Na Koma Bencin Mai Ganga

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau. Aikin wanki dai yana cin hannuna, amma kada ki gaya mata.

Cocinmu ne ya ishe ni. Tun bayan zaɓe 'yan jam'iyyarmu suka daina zama benci ɗaya da dattijon da ke kaɗa mana ganga. Da matarsa ta rasu, mu uku kacal muka je gaisuwa. Ran Lahadi kuwa kowa ya wage baki yana waƙar ƙauna. Tir!

Har gobe ba na son ɗan takararsa, amma na koma bencinsa. Yanzu ni ma an daina gaishe ni. Ki sa ni a addu'a, don ƙyamar da nake musu ta fara hana ni cewa amin.

Ƙanwarki